Wa ya taɓa sabunta famwiyar saba mai ɗauke da VM?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ɗaya tal gare mu a ofis, Proxmox ke kanta, wato manhajar da ke gudanar da VM (kwamfutocin da manhaja ke ƙirƙira a cikin saba). VM shida ne, har da ta lissafin albashi. Oga ya ce a sabunta BIOS, wato famwiya (manhajar da ke dashe a allon saba) mai tayar da ita, ranar Asabar, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Waɗanda suka taɓa yi, ku ba mu labari.

Daga Kano: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Ni da daddare na fara, aiki ya kai rabi aka ɗauke wuta. UPS ta yi ƙara sau biyu ta mutu, ashe batirin ya daɗe da gajiya. Da wuta ta dawo fanka kaɗai ke juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Sai da muka canja allon sabar gaba ɗaya. Yanzu ko akwai wuta sai na tayar da janareta.

Daga Damagaram: Tawa ta tashi lafiya lau, amma VM ko ɗaya ta ƙi kunnuwa. Na yi awa biyu ina zargin faifai, ashe saitin BIOS ne ya koma na asali, VT-x (saitin furosesar Intel da ke taimaka wa VM) a kashe, kuma KVM, wanda Proxmox ke kunna VM da shi, ba ya aiki sai da shi. Tun ranar nake ɗaukar hoton kowane shafin BIOS da waya kafin in taɓa komai, musamman jerin abin da saba ke tashi da shi.

Daga Kaduna: Mu saba biyu gare mu masu ESXi (takwarar Proxmox ta VMware), sai mu kwashe VM zuwa ɗayar da vMotion, mai matsar da VM ba tare da an kashe ta ba. Kai da ke da guda, kashe VM ɗin duka tukuna. Ina farawa da iDRAC, na'urar kula da sabar Dell daga nesa (iLO in HP ce), sannan BIOS, sannan katin RAID mai haɗa faya-fayai, bayan na tabbatar famwiyar ta dace da direban da ke kai. Sabar za ta yi ta kashe kanta tana kunnawa, fanka na ruri kamar injin niƙa. Don Allah ɗauke hannunka daga maɓallin.

Mai tambaya: Na gode. Sinafshot (hoton halin da VM ke ciki) ya wadatar a matsayin ajiya?

Daga Kano: Ina! Ai a faifai ɗaya suke zaune da VM ɗin. Yi vzdump (cikakken kwafin ajiya na Proxmox) zuwa faifan waje, ka gwada dawo da ta albashin nan tun ranar Juma'a.