Dan Allah a taya ni: "gidan tsofaffi" bai fassara wurin nan ba

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu harkar fassara. Kwana uku kenan wata kalma ta tsaya min a wuya, na ce bari in kawo ta nan a yi mata taron dangi. Aiki aka ba ni, rahoto ne kan shaguna da yadda ciniki ke tafiya a wani gari da ke jihar Filorida a Amurka, sunansa The Villages. Irin garin Amurkawa suna ce masa retirement community, wato garin da aka gina don masu manyan shekaru su zauna, wurin da shagunan suke kuma town center. Kalmomi biyun nan nake nema.

Da farko ban ma tsaya tunani ba na rubuta "gidan tsofaffi" na wuce. Da yamma ina karanta wa Inna abin da na rubuta, dama ita nake fara gwada wa fassara, in ta gane toh kowa zai gane, tana zaune a tabarma tana tsinke zogale a faranti, ina zuwa kan kalmar sai ta ɗago kai ta ce "Innalillahi, su ba su haifa ba ne?" Wallahi nan take na san na ɓata aikin. Don abin da ta gani a ranta shi ne tsoho a gado, ba ɗa ba jika, ana kawo masa abincin sadaka. Kuma ba laifinta ba ne, abin da kalmar ke faɗa mana kenan, ita da 'yar uwarta "gidan gajiyayyu". Alhali mutanen da rahoton ke magana a kansu da kuɗinsu suka sayi gidajensu, da ƙafarsu suka tafi, kuma su ne kwastomomin da manyan kamfanoni ke rububin buɗe wa shago.

Bari in ɗan bayyana wurin don a san me muke raɗa wa suna. Wanda ya shahara da fara irin wannan gari shi ne Del Webb, ya buɗe Sun City kusa da birnin Finiks a jihar Arizona ranar 1 ga Janairun 1960, kuma abin lura, tun ranar farko ba gidajen gwaji guda biyar kawai ya nuna wa mutane ba, har da rukunin shaguna da filin golf da wurin shaƙatawa duk an riga an gina. Mutum kusan 100,000 suka je kallo a ƙarshen makon. Wato tun asali kasuwa na cikin tsarin, ba daga baya ta tsiro ba. The Villages kuma ya fara ne daga wani filin gidajen tirela, wato irin gidajen da ake iya ja da mota, mai suna Orange Blossom Gardens na Harold Schwartz, ɗansa Gary Morse ya karɓi ragamar a 1983 ya mayar da shi abin da yake yau. Ƙidayar 2020 ta ba da mutum 79,077 a ɓangaren da aka ƙirga da sunan garin kaɗai. Dokar Amurka, wadda aka yi wa gyara a 1995, ita ce ta ba irin wuraren nan damar ware kansu, da sharaɗin aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune ciki akwai mai shekara 55 ko sama. A The Villages yaron da bai kai 19 ba ba ya zama dindindin, ziyara ce, kwana 30 a shekara. Wannan ni kaina ya yi min nauyi a zuciya, gari ba kukan jariri, amma aikina fassara ne ba hukunci ba. Abin tambaya dai, wurin da ya kai wannan girma a ce masa "gida"?

Ni na fara karkata ga "garin 'yan fansho". Ku faɗi naku.

Ƙari, bayan na karanta amsoshi, na gode ƙwarai ban zaci za a taru haka ba.

Malam, wanda ya ce in bar "'yan fansho", Allah ya ƙara ilimi, ka fi ni gaskiya. Hujjarka ta farko ita ce mai shekara 55 ba lallai ya ajiye aiki ba, kuma a can kuɗin tsufa na gwamnati sai 62 ake iya fara karɓa, inshorar lafiyar tsofaffi kuma sai 65, toh akwai mazauna da yawa da ba su fara cin ko sisi ba. Amma hujja ta biyu ce ta kashe min jiki don na gani da idona. Kawuna malamin firamare ne shekara 35, na raka shi tantancewa, takardunsa a cikin baƙar leda ya rungume a ƙirji, tun bayan asuba muke layi a wani ofis har azahar, wani dattijo a gabanmu ya zauna a ƙasa don ƙafa ta ƙi. In ka ce wa Bahaushe "ɗan fansho" wannan hoton ne ke zuwa masa. In na rubuta cewa kamfani na neman shago a garin 'yan fansho mai karatu zai ce wane ciniki za a yi a can, su da ke bin bashin wata da watanni? Ma'anar rahoton gaba ɗaya ta kife.

Hajiya da ta kawo "garin dattawa", Allah ya saka da alheri, ina ganin nan za mu sauka. Dattijo ba ya nufin gajiyayye, akwai shekaru a ciki akwai mutunci akwai rufin asiri. Wani ɗan uwa ya ce za a rikita shi da Majalisar Dattawa, gaskiya ban ga rikici ba, kalmar ta girmi majalisar nesa ba kusa ba, kuma "gari" na gaba ya raba gardama. Yaya da ya ce dattako hali ne ba shekaru ba, haka ne, amma a bakin mutane kullum muna cewa "wani dattijo ya zo nemanka" ba tare da mun auna halinsa ba. Inda wurin ƙarami ne, gidaje ɗari biyu ko uku a cikin katanga, sai mu ce "rukunin gidajen dattawa". Wancan da ake kwantar da marasa ƙarfi ana jinyarsu shi ya riƙe "gidan kula da tsofaffi", abu daban ne kuma dole a raba su.

Yanzu ta biyun, wato town center, wadda ta fi ba ni wahala. "Tsakiyar gari" ba ta yi ba, don The Villages ba guda ɗaya gare shi ba: Spanish Springs aka buɗe a 1994, Lake Sumter Landing a 2004, Brownwood a 2012, gari na faɗaɗa kudu ana gina sabo yana binsa, gari ɗaya kuwa ba ya tsakiya uku. "Cikin gari" kuma mutumin Kano ko Zariya zai ɗauka cikin ganuwa ake nufi. Wani ya ce "ƙofar fada", na ji daɗin tunanin amma ba sarki a can, kamfanin da ya gina garin shi ne mai gine-ginen shi ke ba da hayar shagunan shi ke zaɓen wanda zai shigo. "Kasuwa" zalla kuma ta rage rabin abin.

Ga yadda wurin yake: fili ne a buɗe, a tsakiya akwai rumfar makaɗa, shaguna da gidajen abinci sun kewaye shi, kullum daga yamma zuwa dare ana kiɗa kyauta, dattawa su zo a 'yan motocin golf ɗinsu su jera su a gefen titi kamar yadda ake jera adaidaita sahu a bakin kasuwa, wasu su yi rawa wasu su zauna a kujera su yi hira. Jama'a wannan ai dandali ne! Wanda ya tashi a ƙauye ya san shi, bayan isha'i farin wata kalangu na tashi, mai tsire da mai rake da 'yan tallan gyaɗa sun kewaye da fitilunsu. Bambancin kawai a can masu furfura ne a fagen ba samari da 'yan mata ba. Kuma hikimar kasuwancin ɗaya ce, kiɗan ba don Allah ake yinsa ba, shi ke fito da mutum daga gida, in ya fito zai ci abinci, zai leƙa shago. Shi ya sa nake ba da shawarar "dandalin kasuwa". Na san yanzu dandali ya tafi intanet, dandalin sada zumunta, amma wannan aro ne daga na asalin, bai hana mu amfani da namu ba.

Ga mai tambaya me ake sayarwa, cinikin kiri ne ba sari ba, kuma shekarun masu saye ke juya shi. Gidan abinci, kemis, banki, mai gilashin ido, mai na'urar ƙara ji, asibitin ƙashi, wurin aski da gyaran gashi, dillalan motocin golf da makanikansu. Mai kayan makaranta ko kayan jarirai ba zai ga ciniki ba sai ɗan abin tsarabar jikoki. Daɗin kwastoman shi ne kuɗinsa na shigowa duk wata kuma yana da lokaci, ranar Talata da hantsi ma yana gari. Wahalarsa kuma, da yawa 'yan ci-rani ne, sanyi ke koro su daga arewacin Amurka da Kanada, daga Janairu zuwa Maris wuri ya cika maƙil, zafi na shigowa su koma, mai shago kuwa haya ba ta san rani ko damina ba. Sannan wanda ya sayi gida yana 60 lokacin da aka buɗe dandalin farko yau ya haura 90 in yana raye, ba zai fito rawa ba, sababbin zuwa kuma sun fi son sabon dandali, toh tsohon dandalin sai ya sake lale. Akwai kuma matsalar ma'aikata, mai dafa abinci da mai jiran kanti galibi ba sa cikin masu shekarun zama a garin, har makaranta kamfanin ya buɗe a 2000 don 'ya'yan ma'aikata saboda ya riƙe su.

Ga jimlar yadda na tura ta ɗazu: "Kamfanoni na neman hayar shaguna a sabon dandalin kasuwa na garin dattawan." Na sake karanta wa Inna, wannan karon ba salati, tambayarta kawai ko akwai masallaci kusa da dandalin.

Saura guda ɗaya da ban gama da ita ba. Akwai babban kanti irin Publix da ake fara kafawa a rukunin shaguna don ya jawo ƙafa, ƙananan su ci albarkacinsa, su suna ce masa anchor. Na rubuta "kantin turke" na ɗan lokaci, tunda shi ake kafawa sauran su ɗauru a jikinsa. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da ke nan, dan Allah in kuna da abin da kuke ce wa irin wannan shagon a layinku ku faɗa min kafin Alhamis, ranar zan miƙa gyaran ƙarshe.