Askata ta ƙi kaifi: dutsen ne ko hannuna?

Mai shago a Garwa:
Salamu alaikum. Da inji da reza nake aski, amma dattawan unguwarmu aska suke so a gemu da ƙeya. Shi ya sa na sayo irin mai naɗewar nan, haɗe da dutsen washi mai fuska biyu, mai kaushi lamba 1000 da mai laushi lamba 6000. Ina wasa ta yadda nake wasa wuƙar layya. Takarda kam tana yankawa sarai, amma da ta hau gemu sai cizgar gashi, mutum yana ta yamutsa fuska. Iyayen gidana, ina matsalar take?

Tsohon wanzami, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Wuƙa ce ake ɗaga wa baya in ana washi. Askar da ka saya kuwa kwantar da ita ake yi, baki da gadon baya duk su taɓa dutse, don kaurin bayan nan shi ke daidaita kaifin. Jiƙa dutsen har ya daina fitar da kumfa. Tura askar baki a gaba, ka ɗan karkata ta yadda za ta ci daga gindi har tsini. In ka kai ƙarshe, juya ta a kan bayanta, kada ka juya a kan baki. Kuma kada ka danna, nauyinta ya ishe ta. Yaran yanzu ƙarfi suke sa wa komai.

Tunda ka riga ka ɗaga mata baya, bakin ya dunƙule. Zauna a kan 1000 har sai ta aske gashin hannunka a ko'ina cikin bakin, sannan ka koma 6000. Wanda ya yi gaggawar komawa mai laushi, ƙyalli kawai zai samu.

Ɗan Kusiri:
Baba ya gama magana, sai dai a duba dutsen ma. Sabon dutse ba lallai ya zo a shafe ba. Zana layuka da fensir a kansa, ka goga shi a kan jiƙaƙƙiyar samfefa da aka shimfiɗa a gilashi. Inda layi ya rage, nan ne kwari. Sannan ka daina gwaji da takarda, tana dakusar da aska.

Mai shago a Garwa:
Allah ya saka da alheri. Baba, fatar da ake goga aska a kai bayan washi fa? Ina ganin tsofaffi suna goga aska a tafin hannu.

Tsohon wanzami, Marwa:
Tafin hannu na tsakiyar aski ne. Je wurin dukawa su yanko maka fata mai santsi marar tabo, faɗin yatsa uku. A kan fata bayan askar ne ke gaba, in ba haka ba ka yanke fatar. Bayan kowane kai a wanke askar, a tsoma ta a sifirit, saboda ciwon hanta yana bin jini. Da damina kuma ka shafa mata ɗan mai kafin ka rufe shago, tsatsa daga baki take farawa.