Bangon bayan jirgin fiba ya tsage a wurin ɗaura inji: liƙi ko canjin katako?

Direban jirgi, Yauri:
Salamu alaikum masu sana'a. Tsohon jirgin ruwa ne na fiba, da injin Yamaha 40 a bayansa. Bangon baya ya tsage daga ramin noti na sama zuwa kusurwar hagu, kamar taƙi ɗaya. In aka ba inji wuta sai bangon ya riƙa lanƙwasawa, ga wani ruwa ja-ja yana tsattsafowa ta ƙarƙashin wosha. Liƙe tsagar zai wadatar, ko a ɗora farantin ƙarfe a kai?

Mai gyaran fiba:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan jan ruwan shi ya tona asirin. Bangon ba fiba ne zalla ba, filawud ne a tsakiya, fiba ta rufe shi ciki da waje. Ruwa ya bi ramin noti ya shiga, katakon ya ruɓe, nauyin injin da ya haura kilo 70 ya koma kan fatar fiba kaɗai, shi ya sa ta tsage. Ka liƙe yau, gobe ta buɗe a gefe.

Ka gwada tukuna. Bi bangon da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum kamar ganga. Sannan ka huda ramuka na milimita 6 daga ciki, kusa da notuna da ramin zubar da ruwa, ba tare da ka fasa fatar waje ba. Garin katako fari busasshe, lafiya lau. Baƙi mai danshi da ke dunƙulewa a yatsa, to sai canji. Faranti a kan ruɓaɓɓen katako ɓoye ciwo ne kawai, kana ɗaure noti bangon yana lotsawa, wata rana a tsakiyar kogi inji ya tafi da shi, ga mutane a ciki.

Kafintan jirgi:
Maganar Oga haka take. A sauke inji, a yi aikin daga ciki domin fatar waje ta riƙe siffar jirgin. A yanke fatar ciki da giranda, a kankare tsohon katako kaf har lungu-lungu, a goge da samfefa mai kaushi, a bar shi ya bushe a inuwa. Garaje a nan ne ke ɓata aiki, don rezin, wato ruwan gam ɗin da ake aikin fiba da shi, ba ya kama wuri mai danshi.

A fitar da siffar bangon a kwali, a yanka filawud na ruwa mai kaurin milimita 18 guda biyu. Na kujeru da kabad bai yi ba, gam ɗinsa ba ya jure ruwa. A shafe kowane da rezin, musamman bakin yanka inda ya fi sha. A kwaɓa rezin da garin kaurara shi ya yi kamar man shanu, a shafa a fatar waje, a manna na farko, a bi da na biyu, a matse da katakai da notuna ta tsoffin ramuka har kwaɓin ya ɓullo ta gefe. Duk inda iska ta maƙale, nan ruwa zai taru.

Kusurwa kada a bar ta da kaifi, a cike ta ta yi kwana, fiba ba ta kwanciya a lungu mai kaifi. Sai shimfiɗar fiba uku ko huɗu, kowace ta zarce kan gefen jirgi da ƙasansa: santimita 10, 15, 20. Wannan zarcewar ce ke kai turin inji ga jikin jirgi. A ƙara tokare biyu daga bangon zuwa katakan ƙasa, su ma a lulluɓe su. Tsagar waje kuma a fafe bakinta a karkace, faɗin ya ninka kaurin fiba sau 12, kafin a cike.

Direban jirgi, Yauri:
Allah ya saka da alheri. Wane rezin zan saya, kuma nawa?

Mai gyaran fiba:
Ifoksi ya fi kama katako da tsohuwar fiba, sai dai tsada. Foliyesta ma yana yi in an goge wurin sosai an wanke da asiton. Amma kada ka ɗora foliyesta a kan ifoksi, ɓarewa yake. Tabarmar fiba mai giram 450 tana shan kusan kilo ɗaya na foliyesta a kowace murabba'in mita, da haka za ka yi lissafi. Hadina, wato maganin da ke sa foliyesta ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A zafinmu mililita 10 a kilo ya isa. Ka riƙa kwaɓa rabin kilo, da sassafe, domin mai yawa a roba zafi yake ɗauka ya daskare kafin ka shafa. Sa takunkumi da tabarau, hadina tana makantarwa.

Ramukan noti su suka jawo wannan tun farko. Ka huda su fiye da girman noti, ka cike da kwaɓaɓɓen ifoksi, in ya bushe ka sake hudawa daidai a tsakiya, ta yadda noti ba zai taɓa katako ba. Notuna marasa tsatsa, gam irin Sikaflex 291 a maimakon silikon, farantin alminiyam na milimita 6 daga ciki. Kuma ka auna tsayin bangon kafin ka yanka: inci 15 ga inji mai gajeriyar ƙafa, inci 20 ga mai doguwa.