Wa ya ba su izinin bin diddiginmu?

Mai Ƙorafi: Jama'a, ni fa na gaji. Manhajar tocila na sauke, tocila kawai, wai sai na ba ta izinin ganin lambobin da ke wayata da sanin inda nake. Me tocila za ta yi da lambar surukata? Kamfanoni na kwasar bayananmu, gwamnatoci na karɓa a hannunsu, doka kuma ta yi barci. Tun 2013 jarumi Snowden ya tona wannan, amma har gobe danna "na yarda" muke yi ido rufe.

Baba Ritaya: Dakata, yaro. Wa kake kira jarumi? Mutumin da aka damƙa wa amanar takardun NSA, hukumar leƙen asirin Amurka, ya kwashe ya gudu Hong Kong? Maci amana dai.

Lauyar Zaure: Allah ya ƙara girma, Baba, amma amanar wa ya ci? A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa tara bayanan kiran wayar jama'a da NSA ke yi ya saɓa wa doka: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa. Da takardun da ya fitar aka shigar da ƙarar. A shekarar ce kuma majalisarsu ta sauya dokar.

Baba Ritaya: 'Yata, jarumi tsayawa yake ya fuskanci shari'a. Shi yana ina yau? Rasha. Har ɗan ƙasa Putin ya mai da shi a 2022.

Ɗan Kwamfuta: Baba, ai Amurkar ce ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Mosko sama da wata guda. Ya zai yi, ya tashi da fukafukai?

Baba Ritaya: Da ni kake wannan maganar?

Ɗan Kwamfuta: Tuba nake, Baba. Amma fasfon dai an soke.

Hajiya Babba: Ni ban ga abin faɗa ba. Wanda ba ya aikata komai, me zai ɓoye? Su duba, gaisuwar jikoki za su tarar.

Lauyar Zaure: To Hajiya, turo mana lambar sirrin wayarki nan.

Hajiya Babba: Ke tun da kika yi karatun lauya ba a isa a yi magana ba. Ranar nan ma haka kika yi wa ƙanina.

Lauyar Zaure: Ƙaninki shi ya fara, kowa shaida ne.

Na iPhone: Duk ku huta. Ku bar Android, shi ke nan. A 2016 FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta matsa wa kamfanin Apple ya buɗe mata wayar wani mahari, ya ƙi. Ga jarumta nan.

Ɗan Kwamfuta: Ka taɓa jin Pegasus? Manhajar kamfanin NSO na Isra'ila, gwamnatoci ake sayar wa. Ta shiga iPhone ɗin 'yan jarida ba tare da sun danna komai ba. Ita FBI ɗin ma daga baya ta buɗe wayar ta wata hanya.

Na iPhone: Hassada ce, ɗan'uwa. Wanda bai riƙe ba ai bai sani ba.

Mai Ƙorafi: Don Allah maganar tocila fa? Akwai dokar da ta hana ko babu?

Lauyar Zaure: A Tarayyar Turai akwai, dokar kare bayanan jama'a da ake kira GDPR, tun 2018. Ba a karɓar bayanin da ya wuce buƙatar aikin, kuma tara na iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara. A 2023 an ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 kan kai bayanan Turawa Amurka, shari'ar da tushenta ke komawa ga tonon sililin wanda Baba ke zagi.

Baba Ritaya: Ban zage shi ba, sunansa na faɗa.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda Snowden ba jarumi ba ne, kamar yadda Baba ya yi bayani da hujja. Lauya ta kawo wasu shekaru da lambobi, mun gode, amma a riƙa girmama manya. Maganar tocila kuma, malam, ka goge ta kawai.

Ɗan Kwamfuta: Yawancinmu su wa? Mutum ɗaya ne fa ya faɗa.

Shugaban Zaure: Na rufe.