Magina sun ƙi bin umarnin injiniya mace, me zan yi?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar gini. Ina neman shawara kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Ina da ƙaramin kamfani, muna gini da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, da ɗan siminti kaɗan. Aikin da muke kai yanzu na damƙa shi a hannun wata injiniya. Ta fi kowa sanin harkar. Ita ta gwada ƙasar, ita ta yi mana lissafin neman takardar shaidar EDGE ta gine-gine masu kare muhalli, wadda ke buƙatar a rage amfani da wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin 100.

Amma magina ba sa jin maganarta. In ta ce a lulluɓe bulo da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa har ya yi ƙarfi, sai su amsa da "to". Tana juya baya su baza shi a rana. Bulo ya tsattsage, sannan a ce ai aikin mace ne. Wallahi abin yana ci mini rai. Mai ginin ma tsallake ta yake yi, ya kira ni a waya.

Na tara su na ja musu kunne, bai yi ba. Kuma in na yawaita zuwa, kwarjininta nake ragewa.

In ba ta ikon sa hannu kan biyan kuɗin ma'aikata da sallamar mai taurin kai, ko hakan zai jawo mata gaba? Don Allah mata injiniyoyi da suka taɓa riƙe wurin gini, me ya yi muku aiki?