Dan Allah a ba ni shawara, aikin kwamfuta na nema ya gama da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina aikin shigar da bayanai, tun ƙarfe 8 na safe har 5 na yamma ina gaban laftof, wani lokacin sai fitsari ya matsa min nake tuna ban tashi ba. To yanzu fa abin ya fara ba ni tsoro wlh, da la'asar ido yaji yake min kamar an zuba yashi, rubutu ya dinga rabuwa biyu, wuya kuma ya riƙe har cikin kafaɗa. Wanda ya fi damuna hannun dama ne, cikin dare nake farkawa babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu kamar minjirya sai na yi ta yarfe hannun, jiya kofi ya suɓuce min ban ma ji fitarsa ba. Maganin ciwo diclofenac nake sha kusan kullum. Aikin nan da shi nake riƙe gida ba zan iya bari ba, ya zan yi?

Amsa daga wata nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Fara ajiye diclofenac ɗin nan tukuna, shan sa kullum yana kawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda, kuma ɓoye ciwon kawai yake yi ki koma ki ci gaba da abin da ya jawo shi. Maganar hannun nan kar ki ɗauke ta da wasa. Akwai jijiya da ke bi ta wata 'yar ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu, ita ke kai ji ga waɗannan yatsun ukun da rabin na zobe, in wajen ya kumbura sai ya danne ta, ki lura za ki ga ƙaramin yatsa ba ruwansa. Da dare ya fi tashi saboda muna lanƙwashe hannu a barci. Tun da har abu ya fara faɗuwa daga hannunki ki je asibiti satin nan, in aka daɗe naman gindin babban yatsa ramewa yake yi. Ki ce a duba miki suga ma, masu ciwon suga da masu juna biyu sun fi saurin samun sa. Galibi da abin ɗaure wuyan hannu na kwana ake farawa.

Amsa daga wani da ya daɗe a ofis:
'Yata laftof ɗin ce matsalar wuyanki, duƙawa kike yi wuni guda. Ni littattafai na tara na ɗora tawa a kai har saman sikirin ya zo daidai idona, na haɗa kibod da maus daban, nisan kuma kamar tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70. Ƙafa ta taka ƙasa sosai, bayanki ya jingina da kujera.

Amsa daga wata 'yar uwa:
Anti ido kam ƙiftawa ce muke mantawa, mutum na ƙifta ido wajen sau 15 a minti amma in ya ƙura wa sikirin sai abin ya ragu sosai idon ya bushe, ga esi mai sanyaya ɗaki na busa miki a fuska. Duk minti 20 ki kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ni alam na saita a waya don in ba haka ba mantawa nake. Kuma dan Allah kar ki sayi maganin ɗigawa da kanki, wasu na da sinadarin sitiroyid suna jawo hawan jinin ido.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Gilashin nan da ake cewa yana tare shuɗin haske fa, in saya?

Nas ɗin ta dawo:
Ba a tabbatar yana rage gajiyar ido ba, gara likitan ido ya gwada ki, in kin haura 40 ma wataƙila gilashin karatu kike buƙata. Amma hannun nan shi ne farko, ki faɗa mana abin da suka ce.