Neman kalma: me za mu kira "context" da Hausa? Mai buga takardu yana jira

Malama_Jenta: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Zumuntar Mata ta gundumarmu tana da bita ranar Asabar, an ba ni takardar koyarwa in mayar da ita Hausa. Mai buga takardu a Terminus, cikin garin Jos, ya ce in bai karɓa gobe Alhamis da azahar ba, kada in neme shi. Na gama komai sai kalma ɗaya da ta tsaya mini a wuya: context. Marubucin yana nufin abu biyu da ita. Na farko ayoyin da ke gaba da bayan ayar da ake karantawa, na biyu Littafi Mai Tsarki dukansa, littattafai 66 a matsayin zance ɗaya tun daga Farawa har Wahayi. Misalinsa Irmiya 29:11, wadda muke liƙawa a gilashin mota, alhali wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai sun cika shekara 70 a can. Masu sauraro yawanci iyaye mata ne daga ƙauye, Hausar ma ta biyu ce gare su bayan Birom ko Ngas.

Fasto_Bukuru: Mahalli. "Karanta aya a mahallinta." Haka muke faɗa a aji.

Sista_Rayfield: Ni da na ji mahalli sai in tuna kwashe shara da dashen itace. Me zai hana yanayi?

Fasto_Bukuru: Yanayi a Jos sanyi ne, 'yar'uwa. Zai iya ɗaukar halin da Bulus yake ciki a kurkuku lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa, amma ba zai nuna cewa 4:13 tana rataye da 4:12 ba, inda yake maganar ƙoshi da yunwa.

Malam_Unijos: Masu nazarin adabi suna cewa bagire, sai dai wuri da lokacin labari ya fi kamawa. Kalmar da ta dace tsaf tana nan: siyaƙi. Malaman tafsiri suna cewa siyaƙin aya, wato yadda zance ya biyo har ya iso kanta.

Dattijo_Gindiri: Siyaƙi? A takardar Zumuntar Mata? Sai mun je aro wurin maƙwabta kafin mu koya wa matanmu karatu? Ni na daɗe da ƙirƙiro kalmar, na kuma faɗe ta a taron dattawa ba sau ɗaya ba. Turawa sun ɗauko tasu daga Latin, asalinta saƙa abu wuri ɗaya. To a haɗa saƙa da aya: SAƘAYA. "Duba saƙayar wannan aya." Gajeriya ce, tamu ce, kuma ta ɗauke abu biyun da Malama take nema, gama zare ɗaya ba ya zama gwado sai an saƙa shi da 'yan'uwansa.

Malam_Unijos: Baba, da girmamawa, aya ɗin da ka haɗa Larabci ce. Haka sura, littafi, annabi, mala'ika, addu'a, bishara, Zabura, har almajiran Yesu. In za a kori aro, rabin juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, na su Dakta Miller, zai bi shi.

Dattijo_Gindiri: Waɗannan sun yi shekaru a gida, sun zama 'yan gari. Siyaƙi baƙo ne. Je ka kasuwar Farin Gada ka tambayi masu tumatir.

Matashi_Kabong: baba ni wayata bata da k mai lankwasa. in na rubuta sai ta fito sakaya. sakaya zance ba boye shi ba ne?

Sista_Rayfield: Wayyo cikina! Ke nan kan takardar zai zama "Yadda za a sakaya Maganar Allah."

Dattijo_Gindiri: Laifin wayarka ne, yaro. Harshe ba zai rusuna wa waya ba.

Bakano_a_Jos: Ku yi haƙuri in sa baki. Matsalar ita ce Hausar Jos ce kuke son ku yi ilimi da ita. Wanda ke cewa "mata na ya zo" shi ne zai ƙera wa Hausa kalma? Muhalli ake cewa ma, ba mahalli ba. A tambayi masu harshen.

Mama_Zumunta: Ɗana, sannu da zuwa. Da wannan Hausar da kake rainawa muka yi sujada, muka yi aure, muka binne iyayenmu. Ita ce ta haɗa Birom da Tarok da Irigwe a benci ɗaya. Ba wanda ya ba Kano takardar mallakarta.

Bakano_a_Jos: Mama, ban yi don raini ba. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce.

Malam_Unijos: Mahalli da muhalli duk ana ji, kuma mahalli ne ya fi kusa da Larabcin. Ka rage zafi.

Matashi_Kabong: a bar shi kontes kawai mana, kowa na fada

Dattijo_Gindiri: Kun ji ko? Gobe kuma sai a ce mana baibul stodi. Ni fa har yau Kubawar Shari'a nake ce wa littafin Musa na biyar, ban ga abin da ya sa juyin 1979 ya mayar da shi Maimaitawar Shari'a ba.

Fasto_Bukuru: Baba, wannan faɗan wata rana ne.

Malama_Jenta: Don Allah jama'a, ƙarfe tara ta wuce, har yanzu kan takardata babu komai. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma jiya aka miƙo mini goran.

Rabaran_Mai_Ritaya: 'Yata, bari in ce wani abu, sai in kwanta. Dalilin da ya sa kalmar take ba ku wuya shi ne wahalar ma sabuwa ce. Da Bulus ya aika wasiƙa Filibi, tashi aka yi a cikin taro aka karanta ta daga gaisuwa har sallama, ba wanda ya tsinci layi ɗaya ya tafi gida da shi, don babu lambobi. Surorin da muke bi aikin Stephen Langton ne, babban bishop na Kantabiri da ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Sun sauƙaƙa mana nema, sun kuma sauƙaƙa mana yanka.

Ki ba matan Matiyu 4. Iblis ya kai Yesu kan Haikali, ya jawo masa Zabura 91 daidai, cewa mala'iku za su tallafe shi. Bai ƙirƙiri aya ba, raba ta ya yi da sauran Littafin. Yesu bai ce masa ayar ƙarya ce ba, sai ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16 (Dattijo, Kubawar, na ji), cewa ba a gwada Ubangiji. Nassi ya fassara nassi ke nan. Sa'an nan Luka 24:27, a hanyar Imuwasu, inda ya fara daga Musa da dukan annabawa yana nuna musu abin da aka rubuta a kansa. Wannan ita ce ma'ana ta biyu da marubucinki yake nufi.

Da nake wa'azi a ƙauye ban taɓa neman suna ga abin ba. Aiki nake ba su: "Kada ku raba aya da 'yan'uwanta. Ku koma sama, ku gangara ƙasa, ku tambaya wa ke magana, da wa, a wane hali." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana ganewa, don ta san mai tsegumi da rabin zance yake haɗa faɗa. Hausa ta fi son aikatau a nan. Ba dole kowane suna na Turanci ya sami suna ɗaya a wurinmu ba.

Mama_Zumunta: Baba ya gama magana. "Aya da 'yan'uwanta" zan iya faɗa a gaban mata ba tare da na tsaya bayani ba.

Malam_Unijos: Ya yi wa bita. Amma ɗalibin makarantar tauhidi irin JETS ko TCNN da zai rubuta jarrabawa da Hausa yana bukatar suna, ba zai yi ta cewa 'yan'uwan aya a kowane layi ba.

Fasto_Bukuru: Shi ya sa na ce mahalli tun farko.

Malama_Jenta: To ga abin da na yi. Kan takarda: "Kada a raba aya da 'yan'uwanta." A sakin layi na farko na rubuta "mahallin aya, wato zancen da ke gabanta da bayanta, da mai maganar, da waɗanda aka yi wa." Daga nan mahalli kawai nake sawa. Ma'ana ta biyu ta ƙi shiga cikin mahalli, sai na bar ta "dukan Littafi zance ɗaya ne." Ban gamsu da wannan sosai ba, amma zan tura. Na gode Baba Rabaran, na gode kowa.

Bakano_a_Jos: Muhalli dai.

Dattijo_Gindiri: Ki sa saƙaya ko a ƙasan shafi ne, da ƙananan baƙaƙe. In mai bugawar ba shi da ƙ, ni zan zo da biro in lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

Malama_Jenta: Baba, kofe ɗari biyu ne fa.

Dattijo_Gindiri: Ƙarfe nawa za ki karɓo su?